Bula a Bakin Ƙofar Inna

Shekarar da ƙanena ya dawo daga Abijan, ya sa aka yaɓe ɗakin Inna da siminti, aka shafe shi da farin fenti har da ƙyauren. Kyau kam ya yi, mata har daga Garhanga suna zuwa kallo. To, amma lokacin yanar ido ta fara kama Innarmu. Da can bangon jar ƙasa ne, ƙyauren baƙi, ko dishi-dishi take gani tana gane hanya. Yanzu ko'ina fari fat.

Ran nan ta tashi alwalar azahar, ƙyaure a rufe saboda ƙuda, ta gwabza goshi da bango. Ina goge mata jini tana cewa, "Ke ɗiyata, ɗan'uwanki likkafani ya naɗe ni ciki tun ina numfashi?"

Na ce, "Haba Inna, kada shi jiya."

Na dama bular wanki da kauri, na zagaye bakin ƙofar da tsumma. Ta ƙura ido, ta ce, "Yauwa, ga hanya." Kowace Jumma'a nake sabuntawa, don abin da ta fi ƙi a duniya shi ne a riƙe mata hannu zuwa makewayi. Wata biyar tana kai kanta.

Wata Asabar, shuɗin bai ma fita daga farcena ba, ta kira ni.

"Ke ragguwa, wanga mako ba ki sa bular ba?"

Na dubi ƙofar, ga shuɗi nan raɗau. Na ce, "Na mance, Inna."

Sai ta miƙo mini hannu.