Katin tafiya kyauta na Kawu Sale

Jajibirin Sallah na miƙa ma Kawu Sale direba katina a tashar Madarunfa, ina ta murmushi.

Cikin shekarun casa'in ne, ban daɗe da zuwa daga Gabi ba, ina aikin banda kifi bakin tabki. Sauran direbobi kuɗin mota kawai suke amsa. Shi Kawu kati gare shi: ka biya kuɗin shekara, duk tafiya ya huda maka da ƙusa, in huda ta kai goma sai ya kai ka kyauta. Na ce wannan shi ne mai tausayin talaka.

Don katin ya cika, har Maraɗi nake zuwa ba ni da abin yi, in sha ruwa in dawo. Ɗan abin da na tara duk ya tafi, amma hankalina kwance, zan je gida wajen Inna kyauta.

"Kawu, ga shi ya cika."

"Madalla, ɗana! Sai dai kyauta ba ta aiki da Sallah, ko ranar kasuwa."

"To yaushe take aiki?"

"Ranar da ba fasinja."

"Ranar nan kana tashi?"

"Haba yaro, in ba fasinja ina za ni?"

A ƙasa na tafi Gabi, na iske an sauko Idi.

Yau ɗana ya ce banki na da katin da kake biya duk shekara, yana tara maka tikitin jirgi kyauta. Ku da kuka yi lakwal, wato makarantar boko, don Allah jirgin yana tashi da Sallah?