Akwatin Wifi a Cikin Kumbo

Shekarar da 'yata ta haihu a Damagaram, maigida ya kawo ɗan akwatin wifi don in riƙa ganin jikata a waya. Satin farko hoto ras, har ƙunshin ƙafarta nake gani. Daga baya sai rezo, wato ƙarfin intanet ɗin, ya fara guduna. In na zauna a tsakar gida, fuskar yarinyar ta daskare, murya ta tsinke.

A kwanakin ne na lura maƙwabciyata, wadda muka yi shekara ashirin muna musayar gishiri ta kan katanga, ta mayar da tabarmarta jikin bangonmu. Da can gindin dogonyaro take zama. Ina jin ƙarar wayarta, wa'azi ne, wani lokaci dariya. Na ce a raina, to ga inda rezona yake tafiya.

Na yi istigfari, amma zaton bai bar ni ba. Ta aiko da fura, na sha ina tunanin ko toshiyar baki ce. Ta gaishe ni, na amsa a taƙaice. Na tambayi maigida ko ya ba wani kod ɗin shiga wifi ɗin, ya ce, "Ke dai kina da aiki," ya sa hula ya fita. Wannan ma na riƙe shi.

Sai ƙanwata mai koyarwa a Bune ta zo hutu. Ta ji kukana ta ce, "Yaya, ina akwatin yake?"

Na kai ta ɗaki, na buɗe kabad, na ɗaga murfin babban kumbon da aka yi mini jere da shi. Tun bayan satin farko na mayar da akwatin ciki. A nan mahaifiyarmu ta koya mana ajiye duk abu mai daraja, kuma yashin Gure ba ya barin komai. Wayar kuran, wato ta wutar lantarki, kawai na bari ta leƙo.

Ta yi dariya har ta zauna a gado. "Kin rufe shi a ƙarfe kamar tuwon baƙi, ta ina zai fita?"

Muka buga ƙusa sama da taga, muka rataye shi yana fuskantar tsakar gida. Nan take rezo ya cika har madafa.

Kunya ta kama ni. Bayan la'asar na yafa mayafi na shiga gidan maƙwabciyata, na ce, "Hajiya, ki yafe mini, na yi miki mugun zato."

Ta ce, "Na me kuma, 'yar'uwa?"

Na faɗa mata duka. Ta gyara ɗankwali.

"Ai maigidanki ne ya ba maigidana kod ɗin tun ranar farko," in ji ta. "Ni ma wahala nake sha, sai na manne da bango. Yau kuwa har gadona ya iso. Allah ya saka da alheri."

Na ce amin. Muka yafi juna, na zauna ta nuna mini nata jikokin na Difa.