Mai Nasara, Mai Riƙon Igiyar Rijiya

Kafin hantsi ya dubi ludayi Mai Nasara ya gama zagaye unguwarsu ta Kara-Kara. Mutumin nan ba ya iya zama. In ya zauna kafaɗa ta tashe shi, in ya tashi zuciya ta aike shi duba rijiyar da ba wanda ya ce ya duba. Kafaɗarsa ta dama a sauke take, da wani ƙullutu a samanta kamar an ɓoye goro a ƙarƙashin riga, hannun kuma ba ya wuce ƙirji. Da hagu yake tufka igiya, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa, yana yi yana ɗaga kai yana hararar sararin da ya ƙi haɗa hadari.

Ba shi ke shiga rijiya ba, shi ke riƙe wa mai shiga igiya. In ruwa ya fito a yabi mai haƙa, a yabi maigari, a yabi har wanda ya ba da goro, shi kuwa ya naɗe igiyarsa ya kama hanya. Abin nan ya daɗe yana ba ni haushi, shi ya sa yau na ce sai an ji sunansa.

A shekarar da aka yi fari na farko, shekara goma ke nan, rijiyar wani ƙauye kusa da Zermu ta ƙafe. Kullum kamiyo, babbar motar kaya, na kwasar mutane zuwa kudu, waɗanda suka rage kuma suka ce in rijiyar ba ta kawo ruwa ba su ma sun tafi. Aka kira Tahiru mai haƙa ya ƙara mata zurfi, ya zo da Mai Nasara. A sana'arsu mai haƙa shi ke zaɓen mai igiyarsa, kuma ba a sauya masa shi sai an gama rijiya.

Ran nan ana jawo Tahiru sama, itacen da aka gitta a bakin rijiyar ya karye, ashe gara ta cinye cikinsa. Igiya ta fizgi Mai Nasara ta maka shi da kafaɗa a kan dutse. Matan da ke wurin sun ce sun ji ƙarar ƙashin, suka toshe kunne. Bai saki ba. Yana kwance rub da ciki, igiya na cin tafinsa, har maza suka rugo suka kama.

Aka ɗauko Alkasum maɗori daga Mirriya. Ya lalluba, ya danna ƙashin da ya taso, ya ɗaure tam. Ya ce, "Bai karye ba, rabuwa ya yi da ɗan'uwansa. Ka ba shi wata biyu kana zaune, zai kama. In ka ja ko akuya da hannun nan, kada ka sake aiko mini."

Zama! Ai gara a ce masa ya haɗiye wuta. Ya kwanta ya tashi, ya je bakin rijiya ya dawo, ya sake komawa. An kawo ƙarti majiya ƙarfi su riƙe igiyar, Tahiru ya zura ƙafa ɗaya ya fiddo. Ya zo ya durƙusa gaban Mai Nasara ya ce, "Yaya, wallahi ba taurin kai ba ne. In ba kai ne a sama ba, ƙafata ba ta yarda."

A ƙauyen kuwa an fara ɗaure tukwane don shirin ƙaura. Kulu, matar Mai Nasara, ta ga yana kallon ɗaurin kafaɗarsa, ta gane. Ta ce, "Maigida, mu fa ba 'yan garin nan ba ne. Da hannun nan kake ci da mu." Ya ce, "Na sani." Ta ce, "To?" Sai ya sa haƙori ya kwance ƙullin.

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya riƙe da hagu, dama na tallafawa. Haka aka yi ta fama da dutsen Damagaram har ƙasa ta fara fitowa da laima. Ruwan da aka samu ba mai yawa ba ne, ja ne, sai an tace, amma ya isa a kwance tukwane. Ƙashin kuwa ya sake tasowa, bai ƙara komawa ba.

Tun daga nan bai ƙara kwanciya a gefen dama ba. Fartanya ta gagare shi, ya bar wa ƙaninsa gona. In zai ci tuwo, kansa ne ke sauka ya tarar da loma. Lokacin sanyi ciwon kan sa shi faɗa da kowa, Kulu ta sha nata. Duk da haka ya ƙara shekara goma a bakin rijiyoyin ƙasar nan. Bana, da farin ya dawo, hagun ma ta fara ƙin ɗauka, Tahiru da bakinsa ya ce ya isa, tare za su ajiye.

Kai ne, Mai Nasara, ka san abin da maɗori ya faɗa, ka san gaskiya ya faɗa, ka kwance ɗaurin. Na Kulu, riƙe ba saki! Mun gode. Allah ya saka, ya sauƙaƙa maka ciwon nan. Ku kuma samari masu cewa aikin sama ba aiki ba ne, ku je ku koya tun yana da bakin koya muku, don rijiyoyinmu ba su gama ƙafewa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce mutanen ƙauyen nan na kusa da Zermu suka zo Kara-Kara a ƙafa yi masa ban gajiya. Limaminsu ya ce a yi addu'a. Kowa ya ɗaga hannu biyu, Mai Nasara ya ɗaga hagu, dama ta taso kaɗan ta tsaya. Ya cije leɓe yana ƙoƙari. Tahiru ya matso ya sa tafinsa a ƙarƙashin gwiwar hannun, ya ce a hankali, "Sake shi, Yaya. Na riƙe."