Motar Yaya ta Turmi da Faifai

Yayana direban bas ne, yana jigila tsakanin Kazaure da Babura. A shekarar da aurena ya mutu na dawo gidanmu na Roni, ɗakina yana kallon nasa, don haka duk wasan da yake yi da 'ya'yansa mata biyu a kan idona ake yi.

In an idar da sallar isha'i an ci tuwo, sai ya kife turmi a tsakar gida ya zauna a kai, ya riƙe faifai kamar sitiyari. Yaran su shimfiɗa tabarma a bayansa su kwanta rigingine.

"Ina muka nufa yau?"

"Wurin Zara, Baba."

"To ku riƙe da kyau, hanyar akwai gargada."

Sai ya yi ta kukan mota da baki, yana karkata hagu da dama, yana nuna musu taurari da yatsa, kowace da tasharta. In an zo wurin kaza da 'ya'yanta sai ya rage gudu, wai kada a take ɗan tsako. Ƙaramar kullum sai ta ce a tsaya ta sayo wa innarta gyaɗa. Ni ma sukan ja ni in shiga, in zauna a kujerar baya ina tsinkar zogale.

Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, amma ba mu san ya taɓa idonsa ba. Wata rana da damina hadari ya rufe sama ruf, shi kuwa ya fito ya hau turminsa kamar kullum. Da tafiya ta yi nisa ya ɗaga hannu ya ce, "Mun iso. Ga Zara can."

Yaran suka dubi inda ya nuna. Can ƙaramar ta ce, "Baba, ai yau babu ko ɗaya. Hadari ne."

Ya sauke hannun a hankali, ya ce tsokanarsu yake yi. Matarsa da ke wanke tukunya ta dube ni, na dube ta.

Da aka shigar da yaran ɗaki na matsa kusa da shi.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun rani. Da rana ina gani dishi-dishi. Da dare sai dai in tuna inda suke."

"Kuma kake ɗaukar mutane?"

Washegari ya mayar wa mai motar makullinsa.

An kai shi asibiti a Kazaure, daga can aka tura mu Kano, aka ce an makara. Wasan dai bai tsaya ba. Babbar ta karɓi faifan ta hau turmi, shi ya koma tabarma ya kwanta tare da ƙaramar, tana faɗa masa abin da ya fito a sama. Wani lokaci in ji yana yi mata gardama, suna dariya.

Ya rasu a kaka ta gaba, ana tsakiyar yankan gero. Da matarsa ta fita takaba ta koma wurin iyayenta a Gwiwa, ta tafi da ƙaramar, dangi suka ce babbar ta zauna da mu. Ranar tafiyar ita ta ɗaure wa ƙanwarta ɗankwali, ta miƙa ta kan babur, ta tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana. Ba ta yi kuka ba sai bayan la'asar, da ta ga takalmin ƙanwar guda ɗaya a bayan randa.

Har yanzu a ɗakina take kwana. Bana ta shiga sakandare.