Faten Waken Gwaggo Indo

Duk wanda ya san Gwaggo Indo, yayar Babanmu, ya san tukunyar nan tata mai kunne ɗaya. Da ita ta zo daga Ringim ranar sadakar bakwai ta Ummanmu, ta rungumo ta a cinya har ƙofar gidanmu a Dutse, kayan sawarta kuwa a leda. Komai a cikin tukunyar take dafawa. Shinkafa, wake, kabewa, busasshen kifi, duk su haɗu su sasanta kansu. In aka ce a yi miya daban, sai ta ce, "Wa zai wanke ta biyun?"

Baba ya taɓa sayo mata tukwane huɗu masu ƙyalli. Ta yi godiya har da addu'a. Bayan kwana uku ya tarar da kaza kwance kan ƙwai a cikin babbar, sauran ukun an zuba wa kaji ruwa da dusa.

"Yaya, na girki ne fa."

"To ai ga masu so nan. Su ba sa barin wanke-wanke."

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare lokacin. Ko shayi ban iya dafawa ba, kuma tun rasuwar Umma daga makaranta sai ɗaki. Wata rana ta ce in kawo sabon littafin rubutu. "Ni ba dawwama zan yi ba, ga Babanku ga ƙannenki biyu. Rubuta."

Muka fara da dafa-duka, sai faten doya, sai faten tsaki da yakuwa. Na tambaye ta gishiri cokali nawa.

"Kamar fushin Babanku. Ɗan kaɗan."

"Attaruhu fa?"

"Kamar nawa."

Haka na rubuta, haka yake har yau.

Da muka zo kan lokaci na ce minti nawa. Ta ce ita ba agogo ba ce. Dafa-duka: ki rufe, ki je ƙofar Inna Mairo ki gaishe ta daga tsaye, ki dawo. Faten wake: ki janye itace ɗaya, ki shiga ɗakin Inna Mairo ki zauna har ta gama labarin ciwon gwiwarta. Inna Mairo tsohuwa ce a ƙarshen layinmu, ita kaɗai take zaune, idonta ba ya gani sosai.

Ranar farko kunya ta hana ni shiga. Na tsaya bayan katanga ina kallon tururuwa na jan ƙwayar gero, sannan na dawo. Gwaggo ta ɗauki wake ɗaya ta matsa da yatsa, ya ƙi fashewa.

"Yaya gwiwar tata?"

"Da sauƙi, Gwaggo."

"Ƙarya kike, 'yar nan. Gwiwar Mairo ba ta taɓa yin sauƙi ba. Ga wake ma ya ba da shaida. Koma."

Gwaggo ta rasu bara da damina, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Tukunyar ta zama tawa. Na daina zuwa ko'ina, na koma duba agogon wayar Baba. Waken nan ya ƙi ni. Yau ya yi tsakuwa, gobe ya kama. Ƙanwata Nana takan ture kwano ta ce ba irin na Gwaggo ba ne. Baba yakan cinye nasa bai ce komai ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Gidan ya yi shiru, sai ƙarar murfi yana rawa a kan tukunya.

Wata Asabar na buɗe littafin, na janye itace ɗaya, na yafa mayafi.

Ina yin sallama Inna Mairo ta ce, "Wake kika ɗora?" Na ce e. Ta nuna mini gefen tabarma, ta fara daga faɗuwar da ta yi a bakin rijiya. Can ta tsaya a tsakiyar magana. Ta ce Gwaggo ce ta roƙe ta, in na zo ta riƙe ni har sai na buɗe baki. Ta ce tun ranar jana'izar Gwaggo ba wanda ya zauna a gefen tabarmar nan.

Ban san lokacin da na fara ba ta labarin kazar ba. Ta yi dariya har da tari, ni ma na yi, sannan muka share ido.

"Tashi," in ji ta, "ya nuna."

Ya nuna kuwa. Nana ta nemi ƙari. Na bi layin ƙarshe na shafin, wanda da na rubuta ban gane ba: kafin kowa ya ci, a fitar da kwano ɗaya zuwa ƙarshen layi.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haɗa ta da Umma a Aljanna, kada Ya bar ko ɗayarsu ita kaɗai.