Kyamarar Leƙen Inji

Shekarar da aka rufe ramin ma'adinin Akokan, wani Bakano ya kawo mini kyamara gareji, siririyar igiya mai fitila a baki. Ya ce, "Maigida, zura ta ramin buji, wato fulogi, za ka ga cikin inji ba tare da ka kwance ba."

Na haɗa ta da salulata, na gwada ta a moton marigayi yayana, wato babur ɗinsa, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar ma'adini. Sai ga rami mai duhu a fuskar wayar, ɗan haske yana tafiya a hankali, daidai yadda yake ba mu labari. Na yi maza na zaro ta.

Na saye ta, domin tana rage wahala ƙwarai. Amma har yau ba na zura ta sai da mutum kusa.