Tokar da Na Wanke Tukwane da Ita

Ni dai mai tsafta ce, kuma ba na jin kunyar faɗa. A gidanmu na Zariya, idan kika bar gindin tukunya da baƙi, Innarmu ba za ta ce miki uffan ba. Sai ta bari kin zauna cin tuwo, ta ɗauko tukunyar ta dire a gabanki. Da wannan horon na zo Landan, lokacin da maigidana ya samu karatu a wata jami'a da ke Aldwych. Muka kama hayar gida a unguwar Plumstead, ni kuma na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu, don zaman ɗaka bai karɓe ni ba. A wajen aiki ana yabona, ni ma ina yabon kaina, kuma yabon nan ne ya kai ni ya baro.

Cikin waɗanda agency, wato kamfanin da nake wa aiki, ta ba ni akwai wata tsohuwa 'yar China, ta haura tamanin, tana zaune ita kaɗai a hawa na biyu kusa da Woolwich. 'Yar firit ce, ba ta da yawan magana, Turancinta bai fi cikin cokali ba. Mama nake ce mata, ita kuma in tana nemana sai ta yafito ni da hannu. Wata bakwai muka yi muna fahimtar juna da ido da nuni. Tana da 'ya guda, ma'aikaciyar ofis a wajen Charing Cross, wadda take zuwa ranar Asabar.

A falon akwai wata 'yar kanta manne da bango, an shimfiɗa mata jan ƙyalle. A kai akwai tsofaffin hotuna biyu, namiji da mace, da lemu uku a faranti, sai wani kasko na tagulla mai ƙafa uku da kunne biyu, bai fi girman kwanon sha ba. Kullum da safe Mama za ta kunna turaren tsinke ta soka a cikinsa, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa sai in kau da ido in shige kicin. Na san ba addinina ba ne, na ce ba ruwana, ban taɓa tambayar ko mene ne ba. Amma kaskon nan yana ci mini rai. Ya yi kore-kore, ya yi baƙi, toka ta cika shi har baki tana zubowa a kan ƙyallen. A wajenmu macen da ta bar toka ta kwana a kaskon turarenta sunanta ƙazama, ba wani kwana-kwana. Sai na ɗauka tsufa ne, hannu ya yi rauni, 'yar kuma ba ta da lokaci.

Wata Alhamis cikin sanyi, 'yar ta ɗauki hutu za ta kai Mama asibiti a duba mata ido. Tana saka mata rigar sanyi take ce mini sabuwar shekararsu saura kwana uku, kuma al'adarsu ce a share gida ƙal kafin ta shigo, don Allah in yi iya ƙoƙarina. Na ce ta bar mini kawai. A raina na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Suna fita na tamke ɗankwali na fara. Labule, tagogi, bayan firij, ban bar lungu ba. Kaskon na bari sai ƙarshe, kamar yadda ake ajiye tsokar nama a gefen kwano. Da na juye tokar a kan jarida sai na tsaya ina mamaki. Toka ce mai laushi, fara-fara, kamar an tankaɗe ta, irin wadda tun da na zo ƙasar nan ban sa a ido ba, ƙasar da ko murhun icce babu. Na matse lemun tsami, na dangwala soson ƙarfe a tokar, na hau kaskon da dirza. Ya ba ni wuya, sai da kafaɗata ta yi tsami, amma na ga bayan koren nan. Ya fito yana walƙiya, har wani rubutu ya bayyana a gindinsa. Da na ga tokar tana ci, na sauko da tukwanen Mama kaf, har da babban kaskon suyarta, na bi su ɗaya bayan ɗaya, famfo a buɗe, ruwa yana tafiya da ita. Har waƙa nake yi. Abin da ya rage bai fi cokali uku ba. Na ga asara ce in zubar, sai na kankare shi a wata tsohuwar robar bota na jefa a jakata, don ina da wata tukunya a gida da ta gagari duk wani sabulun Bature.

Dokar aikinmu kuwa a fili take, ko tsinke ba a fita da shi daga gidan tsoho. Akwai abokiyar aikina da aka sallama a kan gwangwanin biskit, babu komai a ciki. Na san wannan sarai. Amma toka? Ko a raina ban kawo cewa ɗauka na yi ba.

Suka dawo wajen la'asar. Na tsaya a bakin kicin ina goge hannu, ina jiran yabo. Mama ta shigo tana dogara sanda, ido ɗaya a rufe da auduga. Ta kalli kantar. Ta matsa ta leƙa cikin kaskon, ta sa yatsa ta shafo ƙasansa, ta duba yatsan. Sai kawai ta saki sandar ta sulale ta zauna a ƙasa, matar da sai mun haɗu mu biyu muke zaunar da ita a kujera. Ba ta yi hawaye ba. Wani sauti ne ya fito daga maƙogwaronta, ban taɓa jin irinsa a bakin ɗan Adam ba, kuma ba na fatan in sake ji.

'Yar ta juyo gare ni, fuskarta ta yi fari fat. Da Turanci ta tambaye ni, muryarta ƙasa-ƙasa, "Ina tokar?"

Na ce na yi wanke-wanke da ita.

"Wanke-wanke," ta maimaita.

Na nuna mata tukwanen a jere suna ƙyalli. Wallahi har lokacin ban gane ba. Haushi ma nake ji, ni da na wuni ina dirza ko sannu babu.

Ta durƙusa ta riƙe uwarta, ta yi mini bayani ba tare da ta kalle ni ba. A wajensu, in ji ta, tokar nan ba a zubar da ita. Duk tsinken da aka kunna wa iyaye da kakanni, tokarsa a kan ta jiya take sauka, shekara da shekaru. In ɗan gida zai ƙaura zuwa nesa, sai a ɗebar masa daga kaskon gidan ya tafi da ita, a can ya ɗora. Wannan kaskon na kakan kakan Mama ne, daga wani ƙauye a kudancin China. Lokacin da Mama take budurwa, an yi wani zamani da samari masu jan ƙyalle a damtse suke bi gida-gida suna farfasa duk wani abu na dā, littattafai, allunan sunayen kakanni, wuraren bauta. Mahaifiyar Mama ta naɗe kaskon da tokarsa a tsumma, ta haƙa rami a ƙarƙashin turken alade ta binne. Mahaifinta kuwa malamin makaranta ne, aka tafi da shi bai dawo ba, har yau ba wanda ya san inda kabarinsa yake. Bayan shekaru aka tono kaskon, Mama ta fito da shi zuwa Hong Kong, daga can zuwa nan. Gidansu na ƙauye an rushe shi, titi ya bi ta kai.

"Babanta da hannunsa ya kunna turaren da ke ƙasan tokar nan," in ji ta. "Abin da ya rage mata nasa ke nan."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ya tsira daga hannun masu gatari, ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa, ya ƙetare teku, ni 'yar Zariya na zo da lemun tsami na aika shi kwatar Landan cikin awa biyu, ina waƙa. Koren da na kankare ma, daga baya na ga 'yan'uwan kaskon a babban gidan tarihi, cikin gilashi, kore shar, ba wanda ya ce musu ƙazamai. Amma Mama ko kallon jikin kaskon ba ta yi ba. Cikinsa take kallo.

A nan ne na tuna robar bota. Jakata tana rataye a bayan ƙofa, taku huɗu daga inda nake. In na yi shiru, abin da na yi kuskure ne, za a ja mini kunne a wuce wurin. In na fito da ita, an ga kayan gidan tsohuwa a jakata, sunana ya tashi daga mai tsafta ya koma ɓarauniya, kuma labari a Plumstead ba ya kwana, kafin Juma'a ya kai masallaci, ya kai kunnen maigidana. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tsoro ya ci ni. Na ba da haƙuri ya fi sau goma, na ɗauki jakar, na saka rigar sanyina, har na kama hannun ƙofa. Sai na waiga. Mama tana nan a ƙasa, ta jawo kaskon kan cinyarta, tana ta zagaya yatsa a cikinsa tana dubawa, ko Allah zai sa wani abu ya maƙale. Ni kuwa na san aikina, ban bar komai ba.

Na dawo. Na buɗe jakar, na fito da robar, na durƙusa na ajiye a gabanta, na cire murfin.

'Yar ta dubi robar, ta dube ni. "Me wannan yake yi a jakarki?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Tukunyata zan wanke da ita a gida."

Mama kuwa hannu biyu ta sa ta ɗauki robar. Ta yafito mu muka ɗaga ta, muka kai ta gaban kantar. Ta juye tokar a hankali, ta ƙwanƙwasa gindin robar, ta bi gefe-gefe da farce ta kankaro. Da ƙyar ta rufe ƙasan kaskon. Ta ɗauki turaren tsinke ta kunna, ta soka, ya faɗi. Ta sake sokawa, ya sake faɗuwa. Sai ta riƙe shi da yatsu biyu a saman kaskon, a tsaye, don tokar ta sauka a ciki. 'Yar ta kawo kujera, Mama ta ƙi zama. 'Yar ta miƙa hannu za ta karɓa, Mama ta ƙi bayarwa. Haka muka tsaya mu uku har tsinken ya cinye. Ni da kullum nake kau da ido, ranar na kasa. Da ya ƙare Mama ta faɗi wata gajeriyar magana da yarensu, 'yar ta juya baya tana share fuska.

'Yar ce ta raka ni bakin ƙofa. Ta ce dole ta sanar da agency, kuma kar in zo gobe. Na ce na gane. An dakatar da ni sati biyu, aka canza mini gida, ban sake taka wancan ba. Na sha kunya, na sha tsegumi, duk sun wuce. Abin da bai wuce ba shi ne amsar da na jawo wa kaina a bakin ƙofar nan, don bakina bai iya shiru ba, sai da na tambaye ta me Mama ta ce.

Ta dube ni ta amsa.

"Cewa ta yi, kafin tokar ta yi yawan da tsinke zai tsaya da kansa, ita ba ta nan."